Zoɓo Mai Gas na Injiniya Badamasi

Uwa mai daddawa, ta Karakkai, ita ta fara ba ni labarin nan, tun kafin ɗana da aka yi abin a kansa ya sami bakin faɗa mini. Ranar kasuwar Tsafe ta biyo ta gidana da ƙwaryarta, ta zauna bakin murhu, ta kama dariya har sai da na miƙa mata ruwa. Katanga ɗaya ce tsakaninta da gidan da abin ya faru, katangar kuma ta zube ta gefe guda, don haka abin da ya wuce ta kaɗan ne. Sauran na tsinta daga baya a bakin matar gidan.

Ga yadda zancen yake. Jikana Mahadi malamin gona ne. Aka tura shi Karakkai ya duba masara, ya dawo da maganar yarinya, Muzdalifa, autar Malam Badamasi. Uban Mahadi ya rasu, Allah ya ji ƙansa, saboda haka maganar auren ta koma hannun ƙanen uban, ɗana Alhaji Sama'ila na Gusau, wanda ya gama aikin gwamnati ya fito da tumbi da farar shadda da ra'ayin cewa duk wanda ke zaune bayan Bungudu bai waye ba. Da ƙyar ya yarda zai je ya ga gidan da idonsa. Ya ce in ya gamsu a sa rana, in bai gamsu ba kada wanda ya ƙara tayar masa da zancen. Maganar nan ta riga shi isa Karakkai, ta kuma faɗa kunnen da bai kamata ba.

Badamasi ba mugu ba ne. Manomi ne, gonarsa tana ba shi, matarsa Zuwaira kuma ita ce mai zoɓon da duk wanda ya sha a garin sai ya lashe baki. Ciwonsa ɗaya ne. Tun yana saurayi ya taɓa yin dakon akwatunan lemo a wani depo a Gusau, na damina guda, kuma har ya yi furfura bai sauke kayan nan daga kansa ba. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya. In ka kira shi Malam a kan hanya, sai ya waiga ya ga wa ake kira.

Yana zaune tsakar gida yana saƙa abin da zai nuna wa Alhajin birni, Zuwaira na miyar yakuwa. Ta ɗauko ruwan kanwa ta tsiyaya a tukunya. Miyar ta yi shuuu, kumfa ta taso har bakin tukunya, sannan ta kwanta.

Badamasi ya miƙe tsaye, hularsa ta faɗi.

"Ke, tsaya! Mi kika zuba?"

"Kanwa, Malam. Yau ka fara ganin ana kashe tsamin yakuwa?"

"Ƙara mu gani."

"In ƙara miyar ta lalace, ka ci mi?"

"Na ce ki ƙara!"

Ta ɗiga kaɗan. Miyar ta sake tsuwa. Badamasi ya tafa hannu ya zagaya murhu.

"Gas! Na rantse gas ke nan! Abin da kamfani ke kulle wa ƙofa da kwaɗo, ashe yana nan cikin tukunyarki kina ta ɓarnar shi a miya! Zuwaira, kin san mi za a ba Alhaji ya sha a gidan nan? Zoɓo mai gas. A kwalba. Ya buɗe ya ji tsss, ya san ba ƙauye ya zo ba."

"Malam, a ba mutane zoɓo yadda aka saba. Ba wanda ya taɓa sha ya yi ƙorafi."

"Yadda aka saba! Da yadda aka saba muke bi, da har yau da jaki ake zuwa Gusau."

Bai jira an sauke miya ba. Ya ɗebo zoɓon sayarwarta a kofi, ya jefa ɗan curin kanwa. Abin ya taso kamar an tsokane shi, ya haye bakin kofin, ya bi hannunsa, ya gangara wando. Da ya lafa, jan nan mai kyau ya tafi, sai wani baƙi-baƙi kamar ruwan kwata. Ya kurɓa. Fuskarsa ta taru wuri ɗaya, amma ya haɗiye, don Uwa ta riga ta leƙo ta ɓarakar katanga.

"Injiniya, rini ka koma?"

"Gwaji ne, Uwa. Ke daddawa kika sani."

"To ya gwajin a baki?"

"Da sauran gyara."

"Na ga alama. Idonka har ruwa yake."

Zoɓon ya yi salam, ba tsami, ba gas, sai ɗanɗanon sabulu. Wani da ya haƙura daga nan. Shi kuwa sai ya sa takalmi ya nufi gindin darbejiya inda Malam Arzika, malamin kimiyya na makarantar garin, ke shan iska bayan la'asar. Ba tambaya ya je yi ba, shaida ya je nema.

Malam Arzika ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Duk abin da ke da tsami, in ya haɗu da kanwa, ko alli, ko ɓawon ƙwai, ko farar ƙasa, sai su ci juna. Tsamin ya mutu, abin da ya rage ruwa ne da wani gishiri-gishiri, iska kuma ta fita. Iskar nan ita ce kumfar da ka gani. Kuma gaskiyarka, irinta ce a cikin lemon kwalba."

Badamasi ya juya ga masu zaman benci. "Kun ji? Kun ji da kunnenku? Irinta ce! Malam ya yi shekaru a makaranta kafin ya sani, ni a bakin murhu na gano."

Malam Arzika ya ce, "Amma su can auna ta suke yi. Iskar nan wuri take so. In ka hana ta wuri, da kanta za ta nema, kuma ba ta sallama."

Wannan rabin maganar bencin ne ya ji shi. Badamasi ya riga ya kai kwana, yana faɗa wa kansa cewa kuskurensa ɗaya ne, ya bar gas ɗin ya gudu. Abin da ake bukata murfi.

Ya samo robar ruwa wadda aka sha aka yar, ya cika ta da zoɓo, ya matse lemon tsami a ciki don jan ya tsaya, ya jefa kanwa, ya murɗe murfin da sauri. Robar ta fara ƙara, ƙas, ƙas, tana miƙewa. Ya kira Zuwaira da Muzdalifa su zo su ga tarihi. Ya taɓa murfin ke nan, murfin ya ƙwace, ya tsallake katanga, sai suka ji faifan daddawar Uwa ya kife, kaji sun watse.

"La'ilaha! Wa ke harbi?"

"Kin ji ƙarfi?" in ji Badamasi, zoɓo na ɗiga daga gemunsa. "Zuwaira, kin ji ƙarfi? Na kamfani ma bai kai nan ba."

Uwa ta leƙo da murfin a hannu. "Injiniya, in yaƙi za mu yi ka faɗa mini in kwashe shanyata."

"Ki adana murfin nan. Wata rana jikokinki za su nuna shi."

"Zan adana. In mai gari ya tambaya in sami abin nunawa."

Muzdalifa ta bi shi har bakin rumbu. Yarinya ce mai kunya, ba ta taɓa ɗaga ido ta yi wa ubanta maganar Mahadi ba, amma ranar ta yi ƙarfin hali.

"Baba, don Allah. An ce Alhajin ba ya son hayaniya."

"Ɗiyata, don ke nake yi. So kike a kai ki Gusau a riƙa cewa ga ɗiyar masu ba da ruwa a kwanon sha? Ki bar ni. In ya kurɓa, da kansa zai ce a matso da ranar."

Daga nan abin ya zama aiki. Gona ta zauna, Badamasi ya shiga mota. Ya je Gusau ya bi wuraren biki yana tsintar robobi, ya cika buhu, har masu shara suka fara harararsa. Ya zo Tsafe ya sayi tsamiya da lemon tsami. Ni ma ashe na wuce shi a kasuwa ban sani ba, yana yi wa mai tsamiya wa'azi a kan gas. A Bungudu ya sayi kanwa ungurnu, wadda ake ba shanu, don ya ce ta miya ta mata ce, ba ta da ƙarfi.

A Bungudun ne ya tsaya rumfar wani mai cajin batir, ya ga ruwan batir ya ɗiga a kan dutsen da aka tokare benci da shi, wurin yana ta tsuwa yana kumfa. Idonsa ya yi haske.

"Maigida, wanga ruwa tsami gare shi?"

"Tsami? Riga yake hudawa."

"Sayar mini kaɗan."

"Batir gare ka?"

"Baƙi gare ni."

Mai batir ya dube shi sama da ƙasa, ya ajiye waya, ya ɗauki sifana. Badamasi bai tsaya jin farashi ba. Da ya dawo gida ya ce mutanen Bungudu hassada ta hana su ci gaba. Ni dai duk inda mai batir ɗin nan yake, Allah ya saka masa, don ɗana ne zai sha.

Gwaji ya ci gaba a bayan gida. In zoɓon ya yi baƙi, sai ya ƙara tsamiya. In ya yi tsami, sai ya ƙara kanwa. In ya yi gishiri, sai ya ƙara sukari. Kowace ƙari kuma tana ƙara wa robar fushi. Akuyar gidan ta daina kwana a turkenta. Almakashin Zuwaira, da ludayinta, da babbar robar wankinta, duk suka koma ma'aikata. Uwa kuwa ta koma shanya daddawa a ɗaki, ta ce gara ta yi funfuna da ta mutu shahidar zoɓo.

Ana gobe baƙi za su zo, ya shafe zaure da farar ƙasa, ciki da waje, fari tas har yana kashe ido. Wannan dabara ce mai kyau, ban hana shi ba.

Da safe ya tashi kowa. Zuwaira ta dafa zoɓo babbar tukunya, da citta da kanumfari, irin wanda ƙamshinsa ke tsayar da mai wucewa. Ta tsaya a gaban tukunyar.

"Malam, ka bar mini ko rabi."

"A ba wasu na birni a ba wasu na ƙauye? A raba kan baƙi?"

Ya juye ruwan tsamiya a ciki, ya matse lemon tsami har yatsunsa suka yi fari. Ya ɗura a robobi har wuya, bai bar wa iska ko wurin juyawa ba, don ya ce ba zai ba suruki rabin kwalba ba. Kowace roba ya jefa mata curin ungurnu, ya rufe, ya murɗe da filaya, ya naɗe da robar taya. Ƙanƙarar da ya yi oda daga Bungudu ba ta zo ba, an ce babu wuta. Sai ya jera su a baho, ya rufa jiƙaƙƙen buhu, ya ajiye a kusurwar zaure, ƙarƙashin kwano, a tsakiyar bazara.

Kafin azahar robobin sun yi tauri kamar dutse. Gindinsu ya kumburo, ba mai iya tsayuwa, duk sun kwanta suna mirginawa. Zuwaira ta leƙa ta ja da baya.

"Malam, abin nan numfashi yake."

"Alamar ya nuna ke nan."

Alhaji Sama'ila ya iso da abokansa biyu, ya fito daga mota cikin farar shaddar da ya ɗinka don ɗaurin auren ɗan wani babba, ta sha guga tana ƙara. Aka shiga zaure. Ga limamin gari, ga dattawan unguwa, ga Malam Arzika, wanda ya dubi kusurwa sau ɗaya ya zaɓi zama a bakin ƙofa, takalmansa kusa da hannunsa.

Abin da zai ba ku haushi, komai ya tafi daidai. Gida a share, tabarmi sababbi. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe da zabi, Alhaji ya ci har ya sassauta agogo. Muzdalifa ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe su, ya tambaye ta karatu ta amsa a natse, ya gyaɗa kai. Dattawa suka faɗi asalin gidan, babu abin kunya. Badamasi kansa, saboda hankalinsa na kan baho, bai yi magana da yawa ba, har Alhaji ya raɗa wa abokinsa cewa uban yarinyar mutum ne mai kamun kai.

Alhaji ya goge hannu ya yi gyaran murya. "To, alhamdulillahi. Mun zo, mun gani. Ina ganin bayan an kawar da amfanin gona, in Allah ya kai mu..."

Liman ya ɗaga hannuwa zai shafa fatiha.

"Dakata, Allah gafarta Malam!" in ji Badamasi. "Ba a sa ranar ɗiyar Injiniya da busasshen maƙoshi."

Ya yaye buhun. Ya bi kowa ya ɗora masa roba a hannu, da yake ba ta tsayuwa a ƙasa. Sannan ya tsaya tsakiyar zaure ya gyara hula.

"Alhaji, ku a Gusau kuna sayen gas. Mu nan yin shi muke. Abin da ke hannunka, babu shi a Kaduna, babu shi a Legas. Ni na haɗa shi da hannuna, daga ilmin da na samo a kamfani. Bismillah."

Alhaji ya juya robar, ya ji ta da ɗumi. Ya ɗaga ta ga haske, ya ga wani gari-gari ya kwanta a ƙasa. To, ku faɗa mini, wane Bahaushe ne za a miƙa wa kunu ko fura ko zoɓo a roba, ya ga abu ya kwanta, bai girgiza ba? Hannu ne ke yi, ba sai an sa shi ba. Alhaji ya girgiza, da kyau, irin girgizar mai son ya nuna ya yaba. Da babban baƙo ya girgiza, kowa ya girgiza. Liman ma ya sauke hannuwan fatiha ya girgiza.

Malam Arzika ya ce, "Jama'a, kada ku..." Sai ya ga an riga an yi. Ya ɗauki takalmansa ya fita, bai sa su ba.

Badamasi a lokacin ya juya baya yana ɗauko tasa robar, bai ga komai ba.

Murfin ya ƙi buɗuwa, aikin filaya ne. Alhaji ya kware robar tayar, ya murɗa, shiru. Ya naɗe murfin da bakin rigarsa, ya kafa gindin robar a tumbinsa, ya sunkuyo da fuska, ya ce bismillah, ya murɗa da ƙarfin da ya rage masa daga aikin gwamnati.

Uwa ta ce daga ɗakinta ta ji, ta ɗauka tayar mota ce.

Murfin ya tafi da hular Alhaji. Zoɓon ya bi baya, ya shiga hancinsa, ya wanke tabarau, ya daki kwanon rufi ya dawo masa a ƙeya. Abokinsa na dama ya firgita ya saki tasa, ta faɗi ta fashe ta kama juyi a ƙasa kamar kazar da aka yanka, tana fesa wa kowa daidai wa daida. Liman ya rungume tasa a ƙirji yana salati, ita kuwa ta sami hanya ta gefen murfi, ta aika siririn ja cikin rawaninsa. Wani dattijo ya jefar da tasa waje, ta sami akuya. Abokin Alhaji na hagu ya tashi zai gudu, santsi ya ɗebe shi, ya faɗa kan bahon da sauran ke kwance suna jira.

Daga nan ba wanda ya iya ba da labari a jere. Tau! Tau! Fuuu! A wannan zamani da ko faifai ya faɗi mutum ke neman takalmi, unguwa ta watse. Mai shayi ya bar tukunya a wuta. Mata suka kwashi yara suka yi bayan gari. Mai gari ya aiko a ji ko su wane ne, kuma su nawa.

Da abin ya lafa, sai ɗigar ruwa daga rufin zaure. Sabon farin bangon nan, duk inda zoɓo ya taɓa ya rikiɗe, nan shuɗi, nan kore, yana 'yar tsuwa a hankali, don ita ma farar ƙasar ba ta ga tsami ta ƙyale ba. Dattawa zaune jajaye kamar an fito da su daga turmin manja. Alhaji ya cire tabarau, idanunsa kaɗai ne farare.

Da Badamasi ya yi shiru a nan, ko ya durƙusa ya ce a yi haƙuri, ina jin da an wuce wurin, don ɗana yana da fushi amma yana da kunya. Sai ya dubi robobin da ke ƙasa, ya dubi baƙi, ya riƙe baki.

"Kai! Girgizawa kuka yi?"

Ya juya ga babban baƙo.

"Alhaji, ba a girgiza mai gas! Ko a kamfani ba a girgizawa!"

Alhaji ya tofar da wani abu. "Ka faɗa?"

"Ai na ɗauka mutumin birni ya sani."

Liman ya ce, "Injiniya, zauna."

"A'a, Malam, a bar gaskiya ta fito. Kayan ba su da laifi. Ku duba." Ya ɗauki wata roba da ta rage da ɗan saura, ya kafa kai ya shanye don ya kare mutuncin sana'a. Ya sauke, ya buɗe baki zai yi bayani, sai wata gyatsa ta fito wadda ta sa akuyar da ke waje ta amsa.

Uwa ta leƙo ta ƙofar zaure. "Sannunku, baƙi. Injiniya, a kawo na biyu ko wannan ya isa?"

Alhaji ya miƙe, rigar ta manne masa a jiki. Ya tsinci hularsa a cikin kwanon miya. Bai yi sallama ba. A bakin mota Zuwaira ta aiko da ruwa da sabulu da ban haƙuri, ya ce a mayar, ya ce kuma a gaya wa mai gidan maganar da aka fara ba a gama ba, kuma ba za a gama ba. Suka shimfiɗa buhu a kujeru suka tafi.

Nan Uwa ta kai, tana share hawayen dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, don na haifi Sama'ila na san yadda yake ji da farar riga. Amma da na nutsu sai na ce, "Yarinyar fa?"

Uwa ta daina dariya. Ta ce tun ranar Muzdalifa ba ta fito tsakar gida ba, abinci sai a kai a dawo da shi. Sai na tuna Mahadi ma ya zo gaishe ni ya zauna kamar an zare masa laka, na tambaye shi ya ce zazzaɓi ne.

Washegari da safe na ɗaura goro a gefen mayafi na shiga motar Gusau. Na sami Alhaji a tsakar gida, tsaye kan baho, matarsa na ta cuɗa shaddar, wadda ta koma kalar hanta.

"Inna, lafiya da sassafe?"

"Yarinyar ce ta fesa maka?"

"Inna, ba ki ga abin da..."

"Na ce ita ce?"

"Ba ita ba ce."

"Uwarta ce?"

"A'a."

"Wa ya girgiza?"

Ya mayar da ido kan baho.

"Tashi ka tada mota. Ka sa rigar da ba ka so."

Muka isa Karakkai da hantsi. Na aika aka kira liman, ya zo da aron rawani. Na sa aka shimfiɗa mini tabarma daga bakin ƙofar zauren ta ciki, inda zan ji komai, maza suka zauna tsakanin bangon nan mai shuɗi da kore. Aka sa rana bayan kaka, aka shafa fatiha har ƙarshe, aka raba goro. Ba a kawo abin sha ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Badamasi ya matso ya durƙusa ya gaishe ni.

"Hajiya, na gode. Kuma na gano inda matsalar take. Roba ce ba ta da ƙarfi. Ranar biki kwalba za a sa, ta gilashi."

Na ce, "Malam Badamasi, ranar biki aikinka ɗaya. Tun safe za ka zauna kusa da Alhaji, hannuwanka a kan gwiwa, har a watse. In ka tashi, shi zan tambaya."

Alhaji ya ce, "Inna, ni kuma mi na yi?"

"Kai ka girgiza."

Badamasi ya dubi dattawa, fuska cike da haske. "Kun ji? Kusa da Alhaji. Tun safe." Ya ja jiki ya matsa har gwiwarsu ta haɗu. "Alhaji, tunda zaman zai yi tsawo, akwai wata dabara da nake son mu duba tare, a kan ɓawon ƙwai."

Na bar su a nan. Na shiga ciki na karɓi kwanon koko a hannun Zuwaira, na yaye labulen ɗakin yarinyar, na zauna bakin gado, ban tashi ba sai da ta shanye.